Ya dawo daga hannun masu garkuwa, amma kamar ba shi ba

"Assalamu alaikum likita. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana saro hatsi a kasuwannin ƙauye. Bara 'yan bindiga suka tare motarsu suka shiga daji da su, ya yi kusan wata biyu a hannunsu kafin a haɗa kuɗin fansa. A gabansa suka kashe ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa. Wata bakwai ke nan da dawowarsa, raunukan jikinsa sun warke, amma ni dai ba mijin da na sani ba ne ya dawo. Ba ya barci sai ya sha wata ƙwaya da yake saya a kemis, in ya samu barcin kuma sai ya farka a firgice ya jiƙe da gumi. Ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa ya miƙe zumbur. Ya daina fita kasuwa, yara ba su isa su yi wasa kusa da shi ba. An yi masa ruƙiyya, an yi rubutu ya sha. Cikin 'yan'uwansa wasu na cewa iska ce ya kwaso a daji, wasu na cewa ƙarancin tawakkali ne. Shin taɓin hankali ne ya same shi? Kuma ana warkewa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya, ya kuma jiƙan wanda aka rasa. Abu biyu kike son sani: me ya sami mutumin da jikinsa ya warke amma hankalinsa ya ƙi kwanciya, sannan ko akwai hanyar da zai dawo daidai. Ban gan shi ba, kuma ba a yanke wa mutum ciwo ta wasiƙa. Sai dai abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon firgici mai biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda a asibiti muke kira PTSD. Wannan ba hauka ba ne. Maigidanki ya san inda yake, ya san ku, ya san lissafin kuɗinsa. Abin da ya faru shi ne wani sashe na ƙwaƙwalwarsa bai samu labarin cewa ya dawo gida ba. Kuma ana warkewa, mutane da yawa sun warke.

Ciwon tsoho ne, amma sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi cikin kundin cututtukansu da wannan suna, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam da matan da aka yi wa fyaɗe. Alamominsa huɗu ne a dunƙule: abin yana dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa, tunaninsa game da kansa da mutane yana baƙanta, sannan yana zaune a ɗar-ɗar kullum. Kusan kowa yakan ji irin wannan a makonnin farko, shi ya sa ba ma kiransa ciwo sai ya wuce wata guda yana hana mutum harkarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya sukan haɗu da mummunan tashin hankali a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu ke kamuwa. A wurin waɗanda suka ga yaƙi ko rikicin makamai adadin yana haura kashi 15. Abin da mutum ya yi wa mutum da gangan, ya kuma daɗe yana yi, ya fi ambaliya ko haɗarin mota barin tabo a rai.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Can cikin ƙwaƙwalwa, ta kowane gefe, akwai wata 'yar ƙaramar gaɓa da ake kira amigdala. Ki ɗauke ta a matsayin maigadin gida. Aikinta hango haɗari da busa usur, kuma tana yi kafin mutum ya yi tunani. Da ta busa, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda sai su zubo sinadarin adirenalin cikin jini, daga baya kotisol ya biyo. Zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, baki ya bushe, jini ya tafi ƙafafu da hannaye, narkar da abinci ta dakata. Duk shiri ne na faɗa ko gudu. In babu halin ko ɗaya, jiki sai ya ƙame, mutum ya kasa ko motsa yatsa.

Wannan ƙamewar ina son ki riƙe ta, domin maza da yawa da suka zauna a gabana ita ce ke cin su a rai. Mutum zai ce an harbe abokina ina kallo, ko ihu ban yi ba, wane irin namiji ne ni? Alhali ba shi ya zaɓa ba. Jiki ne ya zaɓar masa, kuma sau da yawa wannan shirun ne ya sa yau yake raye.

To maigadin maigidanki ya yi wata biyu yana ganin ɓarayi na gaske dare da rana. Yanzu ko mage ce ta taɓa ƙyaure sai ya busa usur. 'Yan bindiga a kan babura suke yawo, don haka ƙwaƙwalwa ta ɗaure ƙarar babur da mutuwa. Ga wani ƙaurin hayaƙin itace ne, ga wani hasken tocila a fuska, ga wani ƙarar waya, saboda da waya ake cinikin ransa.

Kusa da amigdala akwai hifokamfas, wadda ke tsara abin da ya faru ta sa masa wuri da lokaci, har mutum ya iya cewa wannan bara ne, a wuri kaza, kuma ya wuce. A tsananin firgici aikinta yana rikicewa, sai abin ya zauna gutsi-gutsi: wari, ƙara, fuskar wani, ciwon igiya a wuyan hannu, ba tare da hatimin "ya wuce" ba. Shi ya sa in ya dawo ba ya zuwa kamar tuna baya, yana zuwa ne kamar yanzu ake yi. Gumin da kike gani da dare na mutum ne da jikinsa ke cikin daji a wannan daƙiƙar.

Na uku shi ne gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, inda ake auna abu a ce wa amigdala ta kwantar da hankali, wannan ɗan acaɓa ne kawai. Hotunan ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo sun nuna amigdala tana aiki fiye da kima, gaban kuma ya yi sanyi. Rashin barci yana ƙara raunana shi, daga nan ne saurin fushin da yara ke sha yake fitowa. An kuma ga cewa a jimlace hifokamfas ɗinsu ta ɗan fi ta sauran mutane ƙanƙanta. Da farko an ɗauka firgicin ne ya cinye ta, sai wani bincike na 2002 a kan tagwaye ya nuna cewa sojan da ya kamu da ciwon, shi da ɗan'uwansa da bai taɓa zuwa yaƙi ba, duk nasu ƙanana ne, wato wataƙila wasu da haka aka halicce su, shi ya sa ciwon ya fi saurin kama su. Na kawo wannan ne don masu cewa ai wane ma an sace shi ga shi nan garau. Jiki ba ɗaya ba ne. Kuma kada kowa ya sa ku kashe kuɗi a hoton ƙwaƙwalwa don neman wannan ciwo, hoto ba ya nuna shi a kan mutum ɗaya. Ana yin hoto ne in an buge shi a ka kuma likita ya ga dalili.

Me ya sa bai wuce da kansa ba

Wasu sukan samu sauƙi da kansu cikin shekarar farko. Abin da ya fi riƙe ciwon a wurin sauran shi ne gudu. Duk ranar da ya yi niyyar fita kasuwa gabansa ya faɗi ya fasa, yakan ji sanyi a ransa nan take. Wannan sanyin ƙwaƙwalwa tana karanta shi da cewa fasawar ce ta cece mu. Gobe tsoron ya ƙaru. Haka yake da tunanin kansa, yana tasowa yana danne shi, don haka bai taɓa samun damar bin sa daga farko zuwa ƙarshe ya kai inda aka sake shi ba. Mu kuma da kyakkyawar niyya muna taya shi: a manta, kada a tayar da zancen, ai ya wuce.

Ƙwaƙwalwa ba ta goge tsoro. Abin da take yi shi ne koyon sabon darasi a kan tsohon, cewa na ji babur sau da yawa babu abin da ya same ni. Ba ta kuma koyon wannan da nasiha ko faɗa, sai ta gani da kanta, a hankali, a maimaice. Kusan duk magungunan da suka tabbata a kan wannan aka gina su.

Maganar iska da tawakkali

Ni ba malami ba ne, amma na san Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda ya ce haƙuri mai kyau zai yi, duk da haka baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya sa idanunsa suka yi fari. Babu wanda ya ce masa mai ƙarancin imani. Mutumin da ake faɗa wa cewa rashin tawakkali ne ke damunsa an ƙara masa kaya ne, ga tsoro ga jin ya saɓa wa Ubangijinsa, sai ya ƙara yin shiru. Addu'a, zikiri, karatu da sallar jam'i ba na hana kowa, na ma ga yadda suke riƙe mutane, kuma ba sa karo da asibiti. Abin da nake hanawa da babbar murya shi ne duk wani magani da za a ɗaure shi, a doke shi, a danne shi ana masa tsawa, ko a kulle shi a ɗaki da hayaƙi. Wanda ya kwana a ɗaure a daji, in aka sake ɗaure shi da sunan magani, an mayar da shi can ne.

Ƙwayar kemis

Wannan ta fi damuna a wasiƙarki. Mafi yawan abin da ake miƙa wa mutane don barci dangin diyazifam ne. Tana sa barci a daren farko, amma jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni, sai an ƙara yawa, kuma ba ta taɓa tushen ciwon. A jagorar da ta fitar a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da irin waɗannan ƙwayoyi ga wanda ya fito daga tashin hankali, a watan farko, don firgici ko rashin barci. Wasu kuma sukan haɗa da tiramadol da rana don su ji ƙarfin jiki, nan ciwo ɗaya ya zama biyu. Amma kada ki ɓoye ta ko ki zubar. Wanda ya yi watanni yana sha in ya tsaya lokaci guda yana iya jijjiga kamar mai farfaɗiya. Likita ne zai rage masa kaɗan-kaɗan.

Magungunan da suke aiki

Na farko a jeri ba ƙwaya ba ce, zama ne da ƙwararre, yawanci sau ɗaya a mako na wata biyu zuwa huɗu. Akwai hanyar da Edna Foa ta jami'ar Fensilbaniya ta tsara, wadda ake tunkarar abin tsoron a hankali. Mutum zai ba da labarin abin da ya faru dalla-dalla a ɗaki mai aminci, ya sake, ya kuma sakewa a zama na gaba. Bari in nuna miki yadda yake a zahiri. Irin waɗannan bayin Allah in sun shigo ba sa zama sai inda suke ganin ƙofa, ni kuma ba na hana su. Nakan ce ya auna mini tsoronsa daga sifili zuwa goma. A karon farko da zai kai ga wurin da aka tsayar da mota, murya takan shaƙe, hannu ya kama gefen kujera, ya ce tara ko goma. Ba na katse shi, ba na cewa ya yi haƙuri, sai in ce ina ji, sai me ya faru? Bayan wasu makonni mutumin nan zai bi ta wurin nan a labarinsa ya ce huɗu, har ya tuno abin da bai taɓa faɗa ba, misali wani da ya raba masa ruwan sha a daji. Labarin ya fara samun farko da tsakiya da ƙarshe ke nan.

A waje kuma ana yin matakala. Yau ya zauna a zaure yana jin wucewar babura har bugun zuciya ya sauka da kansa, ba tare da ya tashi ba. In wannan ya zama ba komai, ya tsaya a ƙofar gida. Sannan kasuwar unguwa da rakiya, sannan ya je tasha ya zauna ba tare da ya hau mota ba. A nan dole in yi gyara ga abin da littattafai suka ce, domin da yawansu an rubuta su ne don irin sojan da ya bar fagen daga ya koma ƙasar da babu harbi. Mu hanyar da aka tare shi wataƙila har gobe ana tarewa. Tsoron wannan hanyar hankali ne, ba ciwo ba, kuma ba zan tura kowa can da sunan magani ba. Aikinmu shi ne raba tsoron da ke kare shi da wanda ke hana shi sayen gishiri a bakin layi.

Hanya ta biyu, wadda Patricia Resick ta tsara a zama goma sha biyu, tana bin tunanin da ya maƙale ne. Ga waɗanda aka yi garkuwa da su, na lura tsoro rabi ne kawai, sauran rabin kunya ce da zargin kai. Ni na ce a yi sammako. An sayar da gonar gado saboda ni. Ƙannena sun ci bashi, da wane ido zan kalle su? Ana ɗaukar waɗannan ɗaya bayan ɗaya a auna su: me ka sani a safiyar ranar, ba abin da ka sani yanzu ba? Da ƙaninka aka ɗauka, za ka sayar da gonar ko ba za ka sayar ba? Ina zargin ƙin fitar maigidanki akwai irin wannan a ciki, musamman da aka kashe abokin tafiyarsa shi ya tsira.

Akwai EMDR, wadda Francine Shapiro ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, inda mutum ke riƙe hoton abin a ransa yana bin yatsan mai magani da ido hagu da dama. Tana aiki, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 ta amince da ita, ko da yake masana na jayayya kan ko motsin idon ne sirrin ko tunkarar abin. Masu horo a kanta kaɗan ne a wajenmu.

Wadda ni na fi ganin ta dace da mutanenmu ita ce ta ba da labarin rayuwa, da masana na jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara, aka kuma gwada a kan 'yan gudun hijira a Yuganda. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum tun daga haihuwa. Ya ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowace musiba, ragowar igiyar a bar ta a naɗe don kwanakin da ke gaba. Sai a bi su bi da bi ana rubutawa. Ba ta buƙatar mutum ya iya karatu, ana iya horar da wanda ba likita ba ya yi ta, kuma tana nuna wa mutum da idonsa cewa wata biyun daji dutse ne babba a kan doguwar igiya mai aure da haihuwa da cinikin da ya yi albarka.

Ƙwayoyin asibiti suna da gurbinsu, musamman in akwai ciwon damuwa tare ko babu mai yin zaman a kusa. Satralin, farokzetin da fulokzetin su aka fi bayarwa. Ba sa bugarwa, ba sa aiki nan take, sai an yi mako huɗu zuwa shida ko fiye kafin a ga canji, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an samu sauƙi. Da yawa sukan watsar a mako na biyu su ce ba ya yi. Wani lokaci suna rage sha'awa ko ƙarfin kusantar iyali, gara ku sani tun yanzu ku faɗa wa likita in ya faru, maimakon ya daina a ɓoye.

Naki aikin a gida

In ya farka a firgice, kada ki rungumo shi ta baya ko ki girgiza shi, yana iya kai miki hannu bai sani ba. Kunna fitila tukuna, ki tsaya inda zai gan ki, ki kira shi da sunan da kika saba da murya ƙasa-ƙasa, ki ce kana gida, ɗakinka ne, ga ni, yara suna barci. Ki miƙa masa ruwa mai sanyi. In ya fara dawowa, ku ja numfashi tare, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, domin dogon fitar da numfashi yana rage gudun zuciya. Kada ki matsa masa ya ba ki labari, kada kuma ki toshe shi ran da ya fara. Masu zuwa jaje suna tambayar yaya aka yi, nawa aka biya, a samu babba a gidan ya taka musu burki. Shayi mai kauri, kofi da goro a bar su daga la'asar, haka bidiyoyin ta'asar 'yan bindiga da ake turawa a waya. Yara kuma a gaya musu daidai hankalinsu cewa Baba ba shi da lafiya ne, ba su suka yi laifi ba. Ke ma kin yi wata biyu kina jiran ƙarar waya, in barcinki ya lalace ki faɗa a duba ki.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen. Ku tambaya musamman ko akwai masanin halayyar ɗan'adam da ke yin zama kan firgici, domin ba ko'ina ake samu ba, wani wurin ƙwaya kawai za a rubuta. In ya ce shi ba mahaukaci ba ne ba za shi ba, kada ku yi jayayya. Ku ce za a je ganin likita ne kan rashin barci, wanda gaskiya ne, kuma a samu wanda yake jin nauyinsa, yaya ko amini ko limamin unguwa, ya raka shi.

Abubuwan da ba a jira da su: in ya fara cewa gara ya mutu ko ya zame muku kaya, in ya ajiye makami kusa da shimfiɗa, in ya fara dukanki ko yara, in yana jin muryoyi ido biyu, ko in an buge shi a ka a daji kuma yana fama da ciwon kai mai tsanani, mantuwa ko jiri. Kowanne daga ciki, a kai shi a ranar. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, don haka in kin ji alama ki tambaya. Ran da za ku je ki tafi da kwalin ƙwayar da yake sha, ki kuma riƙe a ranki guda nawa yake sha a dare da tun yaushe ya fara, don da wannan likita zai tsara yadda za a janye masa ita.